Taubasan Yadi Dubu

Ranar 2 ga Yuli, 1860, a filin Wimbledon da ke gefen Landan, Sarauniya Biktoriya ta buɗe gasar farko ta Ƙungiyar Bindiga ta Ƙasa ta Birtaniya. Ba ta kai bindiga kafaɗa ba, ba ta runtse ido ta yi saiti ba. An riga an kafe bindigar, ƙirar Whitworth, a kan matokarin ƙarfe, an daidaita bakinta da allon da ke yadi 400, aka ɗaura zare a jikin kunama aka miƙa mata. Ta ja zaren, harsashi ya faɗa dab da cibiyar allo.

To, wannan harbi na wane ne? Na Sarauniya da ta ja zare, ko na Joseph Whitworth da ya ƙera bindigar, ko kuwa na wanda ya durƙusa ya gyara saitin tun kafin ta iso? Fiye da shekara 160 ke nan masu harbin nesa suna kan wannan gardama. Duk rukunin da suka rabu a cikinsa a yau, da duk habaicin da suke jifan juna da shi, daga nan tushensa yake: a cikin harbi ɗaya, ina rabon mutum ya tsaya, ina na kayan aiki ya fara?

Na san a wajenmu yanzu kalmar bindiga ba ta zuwa da labari mai daɗi, kuma ba na ɗaukar wannan da wasa. Abin da nake magana a kansa wasa ne mai tsauraran dokoki, ana yin sa a filaye masu lasisi a Birtaniya, Amurka, Kanada, Ostireliya, Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe, kuma takarda da farantin ƙarfe ake harbi. Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne yadda mutanen da suka haɗa sana'a ɗaya suke zaman taubasai: ba'a a baki, girmamawa a zuci, wani lokaci kuma ba'ar ta wuce gona da iri.

Kafin a gane gardamar sai an san abin da yadi 1,000 yake yi wa harsashi. Nisan ya haura mita 900 kaɗan. Harsashin .308 da ake harbawa a gasar nesa ta ƙasashe da ake kira Palma yana barin bakin bindiga da gudun da ya kusa ƙafa 3,000 a daƙiƙa, amma sai ya yi kamar daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya isa. A wannan tafiya yana zubewa ƙasa fiye da ƙafa 25, don haka sama ake cilla shi ya yi baka ya sauko. Wannan lissafi ne, kuma lissafi ba ya sauya ra'ayi. Iska ce matsala. Iskar da ke ratsowa daga gefe da gudun mil 10 a awa, wadda ba ta wuce ta kaɗa riga ba, tana iya ture harsashin ƙafa 7 zuwa 8. Wato kuskuren mil ɗaya tak wajen ƙiyasin iska ya kai inci 9 a jikin allo. Ga shi iskar da ke kan fuskar mai harbi daban take da ta tsakiyar fili, ta tsakiya kuma daban da ta gaban allo. Sai ya karanta tutocin da aka jera a fili, ya karanta kawalwainiyar da zafi ke tayarwa daga ƙasa, ya ga ta wane ɓangare take gudu, ya yanke shawara cikin 'yan daƙiƙoƙi. Kowane rukuni na masu harbin nesa ɗalibin wannan iska ne. Inda suka bambanta shi ne abin da kowa ya yarda a sauƙaƙa masa domin ya fuskance ta.

Gardamar farko da ta shahara tsakanin ƙasashe biyu aka yi ta, amma a ƙarƙashinta gardamar kayan aiki ce. A 1873 'yan Ailan suka ci Garkuwar Elcho, gasar nesa da ake yi tun 1862, suka ga babu sauran wanda zai tsaya musu a tsibiran Birtaniya. Sai shugabansu, Manjo Arthur Leech, ya aika wa Amurkawa goron gayyata ta jarida. Amurkawa a lokacin ba su da gogewa a irin wannan nisa, ƙungiyarsu ta ƙasa ma shekararta biyu da kafuwa. Wata ƙaramar ƙungiya a New York ta amsa, kamfanonin Remington da Sharps suka ƙera musu bindigogi na musamman masu ɗuri ta baya. 'Yan Ailan kuwa suka zo da bindigogin Rigby masu ɗuri ta baki, John Rigby da kansa yana cikin tawagar. Masana na wancan zamani sun gama yarda cewa a nesa babu abin da ya kai mai ɗurin baki daidaito.

Aka haɗu a filin Creedmoor da ke Long Island a watan Satumban 1874, mutum shida shida, kowa harbi 15 a yadi 800, da 900, da 1,000. Amurka ta ci da maki 934, Ailan tana da 931. Abin da ya sa ba a manta da ranar ba abu biyu ne. Wani ɗan Ailan, Joshua Millner, ya sami cibiya sarai, amma a allon da ba nasa ba, aka ba shi sifili maimakon maki 4. Da harsashin ya faɗa inda ya dace, da Ailan ce ta ci da maki ɗaya. Sannan harbin ƙarshe na ranar ya faɗo kan Kanar John Bodine na Amurka, wanda kwalba ta fashe ta yanke shi a hannu jim kaɗan kafin nan. Ya ɗaure hannun, ya kwanta, ya sami cibiya.

Abin da ya biyo baya ya fi gasar kanta muhimmanci a wurina. Leech, wanda aka ci tawagarsa, ya bar wa Amurkawa kofin azurfa kyauta. Shekara ta zagayo Amurkawa suka haye teku, suka sake cin Ailan a Dollymount kusa da Dublin, suka wuce Wimbledon, ƙungiyar Birtaniya ta ba su wani kofin. Kofin Leech da Kofin Wimbledon har gobe ana fafatawa a kansu a Amurka a yadi 1,000. A 1876 aka ƙirƙiro gasar Palma a Creedmoor ɗin, ƙasashe biyar suka shiga: Amurka, Ailan, Sikotilan, Kanada da Ostireliya. Shi kuwa Millner bai bari kuskuren nan ya zama sunansa ba. Shekara 34 bayan haka, yana da shekara 61, ya ci zinare a harbin yadi 1,000 a Olamfik ta Landan ta 1908.

Magadan waɗannan mutane kai tsaye su ne waɗanda zan kira 'yan maratayi. Su ne masu gasar Palma da Kyautar Sarki ta Bisley, filin da ƙungiyar Birtaniya ta koma a 1890. Ɗan maratayi yana kwanciya rub da ciki, sanye da wata riga mai kauri da tauri. Babu abin da ke tallafe bindigarsa sai gwiwoyin hannunsa da maratayin da ya zarge tsakanin damtsensa da gaban bindiga. Ba shi da madubin hangen nesa a kanta. Ta wata 'yar huda yake leƙawa, ya sanya ɗigon baƙin da ke can nesa a tsakiyar zoben ƙarfe. Harsashinsa ƙayyadadde ne, a babban taron Bisley na watan Yuli ma ƙungiya ce ke raba wa kowa iri ɗaya, don kada wani ya ce albarushinsa ne ya ci masa. Bugun zuciyarsa yana bin maratayi ya kaɗa bindiga, numfashinsa yana ɗaga ta yana saukewa, idonsa yana gajiya, ga zafin rana a cikin rigar nan. Mutum 100 ke kaiwa zagayen ƙarshe na Kyautar Sarki, a yadi 900 da 1,000, wanda ya ci kuma a ɗora shi a kujera, abokan takararsa su ɗauke shi a kafaɗa su zaga da shi. A 1930 mace ce ta hau kujerar, Marjorie Foster, domin a wannan wasa ba a ware maza da mata.

Idan ɗan maratayi ya ce nasa ne harbi na ainihi, yana da abin kafa hujja. A cikin duk masu harbin takarda, shi ne ya bar wa jikinsa kaso mafi yawa na aikin. Sai dai tarihin gidansu bai goyi bayan tsantsar da yake taƙama da ita ba. Kakanninsa na Creedmoor da yawansu rigingine suke kwanciya, su ɗora bututun bindiga a kan ƙafafunsu. A Bisley ɗin ma akwai tsohon rukunin da ke harbin Garkuwar Elcho a yadi 1,000 zuwa 1,200, an yarje musu madubi, an yarje musu kwanciyar rigingine. Kuma a gasar Palma ta ƙasashe, wadda ita ce ƙololuwar daraja a wurinsu, mai harbi ba ya karanta iska da kansa. Koci ne ke zaune a gefensa da madubi, shi ke murɗa masa saiti, ya ce masa saki. Mutum 16 a tawaga, kowa ya miƙa rabin fasaharsa ga wani, ba a kuma taɓa cewa wannan ya rage musu daraja ba. Birtaniya ta riƙe Palma sau huɗu a jere daga 2003 zuwa 2015 kafin Ostireliya ta karɓe a 2019, kuma duk wanda ya san harkar ya san rabin wannan nasara ta masu karanta iska ce.

Babbar ɓaraka ta zamaninmu daga tausayi ta fito. Wani ɗan Kanada, George Farquharson, ya lura abokansa suna barin fili ɗaya bayan ɗaya. Ba sha'awa ce ta ƙare musu ba. Ido ne ya daina ganin ɗigon nan ta huda, kafaɗa da wuya suka daina jure maratayi. Mutum ya shekara 40 yana koyon iska, daidai lokacin da iliminsa ya nuna sai jiki ya ce ya isa. Farquharson ya nemi ƙungiyar Kanada ta bar irin waɗannan su sa madubi, su ɗora bindiga a kan matokari, su ci gaba da kwanciya a layi ɗaya da kowa. A shekarun 1990 aka amince, aka sa wa rukunin harafin farko na sunansa, ya zama Ajin F. A 2002 aka yi gasar duniya ta farko a Kanada.

Abin da ba a zata ba shi ne matasa masu lafiyar ido su ne suka cika ajin. Sabon shiga da zai shekara biyu yana fama da maratayi kafin ya ga sakamako, a Ajin F ranar farko yana iya samun allo a yadi 1,000. Nan fa ran wasu dattawa ya ɓaci. Suka laƙaba wa ajin suna, wai harbin tebur ne da aka sauko da shi ƙasa, tumbi ya zama teburin. Ma'ana, kai ba ka riƙe komai ba, bindiga ce ke harba kanta.

Amsar 'yan Ajin F tana jikin takarda. Da aka ga suna cinye tsohon allo, sai aka rage musu shi. A Amurka, zoben maki 10 na ɗan maratayi a yadi 1,000 faɗinsa inci 20 ne, cibiyarsa inci 10. Na Ajin F zoben inci 10 ne, cibiyar inci 5. Rabin faɗi ke nan, wato rubu'in fili. A tuna kuskuren mil ɗaya na iska inci nawa yake jawowa, sai a ga cewa an ɗauke wa ɗan Ajin F nauyin bindiga an ɗora masa nauyin iska ninki biyu. 'Yar sauyawar da ɗan maratayi zai sha da ita ya tsira da makinsa, shi fitar da shi take yi daga zobe. 'Yan maratayi da dama da suka gwada ajin da niyyar nuna sauƙinsa sun tashi da wani ra'ayi daban. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Amma akwai sukar da na ga ta zauna daram, kuma 'yan ajin da kansu suna yin ta. Abin da aka kafa don a sauƙaƙa wa tsofaffi ya zama tseren aljihu. A ɓangaren da ba a ƙayyade harsashi sosai ba, bindiga tana kai kilo 10, matokarin gaba na'ura ce mai zaman kanta da sandar murɗawa, madubin kaɗai ya fi bindigar wani tsada, harsasai masu zafi kuma suna cinye cikin bututu da wuri, a sake sabo. Shi ya sa aka ware ɓangare na biyu mai suna F-TR: harsashi .223 ko .308 kawai, nauyi kada ya wuce kilo 8.25, kuma 'yan ƙafafu biyu ne za su tallafi gaban bindiga. Ba a jima ba 'yan F-TR suka fara yi wa 'yan ɗaya ɓangaren irin kallon da 'yan maratayi suke yi musu su duka. Kowa dai yana da wanda yake ganin an sauƙaƙa wa fiye da kima.

Duk wannan habaici da sunan tebur ake yin sa, don haka ya kamata a dubi 'yan tebur ɗin kansu. Su zama suke yi a kujera, bindiga tana kan matokari gaba da baya a bisa teburin kankare, wasu ma ba sa bari kafaɗarsu ta taɓa ta, ɗan yatsa kawai ke shafar kunama. Babban abin da suke aunawa shi ne yadda harsasai suka taru wuri ɗaya. A Williamsport ta jihar Pennsylvania an fi shekara 50 ana wannan a yadi 1,000. A rukunin manyan bindigoginsu babu iyakar nauyi, wasu sun haura kilo 30. A 2018 wani mai suna Mike Wilson ya tara harsashi biyar a yadi 1,000 cikin abin da ya ɗara inci ɗaya kaɗan. Murfin kwalbar lemo zai kusan rufe hudojin biyar, daga nisan da ido ba ya iya bambance mutum da kututture.

Ɗan tebur ba ya musun cewa ya fitar da jikinsa daga lissafi. Da gangan ya yi, don ya ga iyakar abin da ƙarfe da albarushi za su iya. Gasarsa tun a ɗakin aiki take farawa: auna albarushi har ƙwaya ɗaya, tantance harsasai ɗaya bayan ɗaya, feƙe wuyan kwanso ya zama kauri ɗaya ta ko'ina, neman daidai zurfin da za a dasa harsashi. A ganina babu rukunin da aka fi zalunta da baki kamar wannan, domin kowa daga rijiyarsu yake sha. Yadda ake zaunar da bindiga a cikin katakonta, irin kunamar da ke tashi da ɗan shafa, yadda ake yanka bututu, yadda ake haɗa harsashi a gida, yawancinsa a kan teburin nan aka tace shi. Ɗan Ajin F da ke jin haushin a kira shi ɗan tebur, da dabarun ɗan tebur yake cika harsashinsa daren gasa.

Sai kuma auta, wanda ya fi kowa tashe yanzu. A 2012 aka kafa jerin gasannin da ake kira PRS a Amurka, bayan shekaru ana yin irinsu a warwatse, da yawa a hannun tsofaffin sojoji da 'yan sanda. Nan babu takarda, babu tabarma, babu natsuwar minti 20. Faranta ne na ƙarfe a nisa daban daban, wani yadi 300, wani ya haura 1,000. Ana ba mutum daƙiƙa 90 ko minti biyu ya saki harsashi kamar goma, yana sauya wuri: kan shinge, kan taya, kan dutse, kan rufin da aka kafa a karkace, a tsaye, a durƙushe. Ko ka samu ko ka kuskure, babu tsaka-tsaki. Babu harbin gwaji. In ka kuskure, kai za ka hango ƙurar da harsashinka ya tayar ka gyara na gaba, agogo kuma yana tafiya. A 2022 aka yi gasar duniya ta farko ta wannan salo a Bitche ta ƙasar Faransa.

'Yan faranti suna cewa masu takarda sun mai da harbi zaman majalisa: nisa sananne, tutoci a jere, harbin gwaji biyu kafin a fara ƙirga maki, ga wani a can yana nuna maka inda kowane harsashi ya faɗa. Masu takarda kuma suna cewa farantin da ya kai faɗin tire ba ya tambayar ka ko a tsakiya ka same shi ko a gefe, kuma shigar sojan da wasu ke yi tana ba wasan mummunan suna. Wannan suka ta biyu tana da rauni a bakin ɗan maratayi, tunda gidansu ma daga soja ya fito. Tsoron mamayar Faransa ne ya haifi ƙungiyar Birtaniya a 1859, kuma shekaru da yawa da bindigar soja ake harbin Kyautar Sarki. Ta farkon kuwa gaskiya ce, kamar yadda ta 'yan faranti ma gaskiya ce. Takarda tana ajiye tarihin kowane harsashi, tana koya wa mutum bambancin inci biyu. Faranti yana tambayar abin da takarda ba ta tambaya: harbinka na farko, a iskar da ba ka gwada ba, daga wurin da ba ka zaɓa ba, zai samu? Wanda ya ƙware a ɗaya ya raina ɗayan, rabin karatu ya yi.

Ba a daɗe ba PRS ta bi hanyar da Ajin F ya bi. Bindigogi suka yi ta nauyi har suka kai kilo 10, harsasai suka ƙanƙance zuwa milimita 6 don kada turin bindiga ya kawar da ido daga madubi, aka shigo da jakunkunan yashi da ake ɗora bindiga a kai ta zauna kamar an dasa. Sai ga tsohon habaicin ya sake dawowa, wai wannan harbin tebur ne a kan shinge. Harsashin Dasher da ya yi tashe a wurinsu kuwa daga 6mm BR aka samo shi, haruffan nan biyu kuma sunan harbin tebur ne a taƙaice. Haka 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007 ya kuma zama ƙofar shigar dubban mutane PRS, don masu harbin takarda aka tsara shi tun farko, sunansa kuma yana komawa ga filin nan na 1874.

Akwai kuma masu nisan da ya wuce hankali, irin gasar Sarkin Mil Biyu da ake yi a Raton ta jihar New Mexico tun 2015, inda harsashi ke yin daƙiƙa shida ko fiye a sama. Ana zarginsu da cewa lalube suke yi har sa'a ta gitta. Amma a 2017 wanda ya ci ta, har ya sami faranti a nisan da ya haura yadi 3,300, Derek Rodgers ne, kuma a wannan shekarar ya ci gasar duniya ta F-TR a Kanada. Sa'a ba ta bin mutum ɗaya gida biyu a shekara ɗaya.

Irin su Rodgers ne ke sa ba'ar ta yi sanyi, domin a saman kowane rukuni za ka tarar da mutanen da suka zauna a gida fiye da ɗaya. Bryan Litz injiniya ne da ya yi suna da maratayi, ya koma F-TR ya yi suna a can ma, ya auna yadda ɗaruruwan harsasai ke keta iska ya wallafa. Lissafinsa ne ke cikin 'yar na'urar Kestrel da ɗan PRS ke ratayawa a wuya. Na lura raini ya fi kauri a wurin wanda bai taɓa kwanciya a tabarmar maƙwabcinsa ba. Gwanaye sun fi kowa saurin yabon gwanin wani gida, saboda sun san abin da iska take yi wa kowa.

Inda abin yake daina zama wasan taubasai shi ne wajen rabon fili. Filayen da suka kai yadi 1,000 kaɗan ne a kowace ƙasa, gina sabo kuma abu ne mai wuya saboda faɗin ƙasar da ake bukata da ƙorafin maƙwabta. Asabar ɗaya ce, rukuni uku ke so. Ƙarfen da 'yan PRS ke ɗaurawa a bakin bindiga don rage turi yana watsa ƙara da iska gefe, an hana shi a Ajin F da wajen 'yan maratayi, don haka ba sa iya kwanciya a layi ɗaya. Kwamitocin tsofaffin ƙungiyoyi galibi a hannun dattawan takarda suke, sababbin mambobi masu biyan kuɗi kuma faranti suke so. Idan saurayi ya zo fili ranar farko da bindigar da yake da ita, aka tarbe shi da cewa wannan ba harbi ba ne, ba ya komawa wani rukunin, gida yake komawa. Wasan kuwa ba shi da yawan da zai yi wannan asara. An cire harbin mita 300 daga Olamfik bayan 1972, gasar Commonwealth ta Birmingham a 2022 kuma ba ta sa harbi ba sam, bayan an saba ganin 'yan maratayi a cikinta tun 1966. Mai kallo daga waje, da ɗan majalisar da ke rubuta doka, ba su san wani bambanci tsakanin maratayi da matokari ba.

Ni dai in aka tambaye ni, zuciyata tana wajen ɗan maratayi, domin shi ne ya riƙe abin da in ya ɓace ba a sayo shi a kanti: sanin yadda ake kwantar da jiki har ya zama matokari. Ina jin tsoron ranar da za a rasa masu koyar da shi, kuma makarantun Birtaniya da ke fafatawa a Garkuwar Ashburton tun 1861 suna cikin 'yan wuraren da ke raya shi. Amma ba na tare da shi idan ya raina Ajin F. Ranar da idonsa zai gaza, Farquharson ne ya tanadar masa wurin kwanciya.

Akwai wani wuri da ya daɗe yana haɗa su, wanda mai kallo ba ya gani. A gaban alluna akwai rami mai katangar ƙasa, inda ake tsayawa a ja allo ƙasa bayan kowane harbi, a nemo hudar, a soka mata alama, a liƙe ta baya, a mayar da allon sama. A Bisley ma'aikata ake ɗauka, masu harbi kuma su rubuta wa juna maki, kowa katinsa yana hannun abokin takararsa. A Amurka da ƙananan ƙungiyoyi da yawa masu gasar ne da kansu ke karɓa-karɓa: ka harba da safe, da rana ka shiga rami ka yi wa wani hidima. Saurin hannunka yana cikin makinsa, domin in ka yi nawa iskar da ya karanta ta wuce. A ramin nan ne ɗan maratayi ke ɗaga kai ya ga harsashin ɗan Ajin F yana huda takarda dab da na baya, sau biyar, sau shida, har tafin hannu ya rufe su. A nan ne kuma ɗan Ajin F ke ja wa wani dattijo allo, ya ga ya jera goma bayan goma, ya tuna cewa ta huda mutumin yake leƙowa.

Yanzu allunan lantarki suna shigowa, masu na'urorin da ke jin wucewar harsashi su aika sakamako nan take. Sun rage wahala ƙwarai, gasa tana ƙarewa da wuri, mai ciwon baya ba ya jan allo cikin rana. A filayen da suka sa su, ramin ya zama kango. Kowa yana kallon hudojinsa a wayarsa ko a ɗan allon da ke gefen tabarma, in ya gama ya naɗe kayansa ya nufi mota, sau da yawa ba tare da ya ga ko harsashi ɗaya na maƙwabcinsa ba.